Ranar da Baba Ya Taɓa Dantsensa

Shekara shida na yi ana biyana albashi in zauna a kan benci. Ni ɗan wasan besbol ne, ko in ce na taɓa zama, a wata ƙaramar ƙungiya ta wani garin masunta a ƙasar Japan. Idan na faɗi haka a tashar Faskari mutane kan gyaɗa kai su ce madalla, sannan su tambaye ni gola nake ko ɗan gaba. Da can nakan fusata. Yanzu sai in ce gola, mu rabu lafiya.

Ga yadda wasan yake, don kada ku ma ku yi mini wannan tambaya. Mutum ɗaya ne zai hau wani ɗan tudu a tsakiyar fili ya riƙa jifa da ƙwallo mai tauri, girmanta bai wuce na lemon zaƙi ba. Wani kuma ya tsaya can da kulki yana ƙoƙarin buga ta. In ya kasa sau uku ya fita, in ya same ta ya zura da gudu. Haka za a yi ta yi har zagaye tara, wajen awa uku. Mai jifan da ya fara wasa shi ne babba, yakan yi jifa kusan ɗari. Idan hannunsa ya mutu, sai kociya ya tako a hankali zuwa tudun, ya miƙa tafi a sa masa ƙwallon, sannan ya juya wajen wani keji da ke can ƙarshen fili ya ɗaga hannu ya taɓa dantsensa. In na hagu ya taɓa, bahago yake kira. In na dama ne, to ni ne. Sai in fito daga kejin da ɗan gudu, in karɓi ƙwallo, in yi jifa goma ko takwas, wani lokaci uku, a tashi wasa. Aikina ke nan gaba ɗayansa, ban rage muku komai ba.

Tsuntsaye ne suka koya mini jifa. Muna da 'yar fadamar shinkafa a bayan ƙauyenmu, kuma tun ina ƙarami ba na son ihu, don haka maimakon in yini ina kaɗa gwangwani sai in tara hoge a gabana. Jifa goma sha biyar ya ishi tsuntsaye su gane yau ba ranarsu ba ce, ni kuwa in miƙe ƙafa a inuwa. A sakandare a Kankara wani ɗan bautar ƙasa daga kudu ya ga na kaɗo shirwa da ɗanyen mangwaro, ta saki ɗan tsakon da ta sura. Ashe mutumin yana da safar hannu biyu ta fata a jakarsa, yana ta yawo da su yana neman wanda zai jefa masa ƙwallo. Shi ya kai ni gasa a kudu, a can wani baƙo ɗan Japan ya gan ni, bayan shekara uku na cike takardu na hau jirgi.

A can aka gano abin da tsuntsayen suka yi mini. Jifana na farko zuwa na goma sha biyar, ko aljani bai ga ƙwallon ba. Daga na goma sha shida kuwa, ƙwallon ce ke zaɓen inda za ta. Na taɓa samun alƙalin wasa a gwiwa, na taɓa samun wata tsohuwa mai sayar da soyayyiyar taliya a layi na huɗu na 'yan kallo. Kociya ya yi ta auna ni da na'urori, a ƙarshe ya nuna mini kejin ya ce can ne gidana. A kejin akwai benci da waya. In wayar ta yi ƙara sai a ce tashi ka ɗumama hannu, in tashi in yi ta jifa har in yi gumi, sai ta sake ƙara a ce koma ka zauna, wancan ya farfaɗo. Akwai ranar da na tashi sau huɗu na zauna sau huɗu, aka tashi wasa ban shiga ba, kuma aka biya ni.

Duk wannan da bai zama komai ba in da ba don Baba ba. Mahaifina barden noma ne. A zamaninsa, daga Faskari har Pauwa babu gayyar da za a kira ba a aika masa goro ba. Shi ke fara sara da safe, shi ke barin gona a ƙarshe, kuma kuyya biyu yake haɗawa in sauran suna kan ɗaya. A duniya babu wanda ya tsana kamar mutumin da zai zo gayya lokacin da aka hango mata tafe da fura. Akwai wani mai sayar da gishiri a kasuwarmu da Baba ya yi shekara talatin bai sayi ko na ƙwandala a wurinsa ba, don kawai ya taɓa yin haka sau ɗaya yana saurayi. Mutumin har Makka ya je ya dawo, Baba bai sauya ra'ayi ba.

Dawowata ta farko, bayan la'asar, dattawan unguwa suka taru a zaurenmu su ga aikin da ya kai ni bayan duniya. Na jingina waya da buta na kunna musu wasan da na fi alfahari da shi. Tun jifan farko Baba ya kafa wa mai fara wasanmu ido, wani siririn mutum marar magana. Ya ga yana jifa yana share gumi, ya ga an buge shi ya daure, ya ga rigarsa ta jiƙe.

Baba ya ce, "Wanga yaro ɗan wa ne? Allah shi yi mishi albarka. To kai kana ina?"

Kamar mai ɗaukar hoton ya ji shi, sai ya juya kan kejin. Ga ni nan zaune, tawul a wuya, ina ɓarar 'ya'yan kabewa, ina hamma. Wani dattijo ya ce wataƙila ba ni da lafiya ne ranar. Aka tashi aka yi magariba aka dawo, ina nan zaune. Sai can wajen ƙarshe kociya ya taka tudun, ya karɓi ƙwallo, ya taɓa dantsen dama. Na fito da gudu, na wuce siririn mutumin nan yana fita kansa a sunkuye, ban ko dube shi ba. Na yi jifa huɗu, wasa ya ƙare, 'yan ƙungiyarmu suka rugo suka rungume ni suna tsalle.

Baba ya daɗe yana kallon wayar bayan ta mutu. Sannan ya ce, "Shi wanda yay yini shina aiki hwa, wa ya rungume shi? Kuma ka wuce shi ko sannu ba ka ce ba, ko kallo nai ba ka yi ba. Haka na koya maka?"

Na yi ƙoƙarin bayani, na ce haka tsarin yake, ba a kallon fuskar wanda aka cire. Ya ce ai mai gishiri ma yana da bayani. Ranar da zan koma ya miƙo mini ƙunshin kilishi ya ce in kai wa yaron nan, in ce masa uban wanda ke cin guminsa yana ba shi haƙuri. A filin jirgin Japan wani ɗan ƙaramin kare mai riga ya zauna a kan jakata, aka ƙwace kilishin, na sa hannu a takardu uku. Shekarar da ta biyo Baba ya ba da ƙuli-ƙuli. Wannan ya wuce. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya gatsa, na ga hawaye a idonsa, ban sani ba na godiya ne ko na haƙori. Ya aiko wa Baba da ganyen shayi da hotonsa, Baba ya liƙa hoton a zaure. Nawa hoton yana cikin adakar Inna. Tun daga nan duk shekara sai an soya ƙuli-ƙulin abokin Baba, haka ake kiransa a gidanmu.

Da na haƙura da wannan har ƙarshen rayuwata, sai dai akwai wata malamar firamare a Damari. Yayata ce ke aure can, na je sunan ɗanta na ga malamar. Ita kaɗai ce a duk jihar Katsina da na yi wa bayanin wasan sau ɗaya ta gane. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato kai sana'arka jiran waya. To madalla, ka ga ba ka da hujjar ƙin ɗaukar tawa." Na koma Japan ina tunanin wannan magana har cikin keji. Ina sonta, kuma ban taɓa son komai haka ba, har da besbol ɗin.

A al'ada ƙannen uba ke zuwa neman aure, kuma ƙannen Baba biyu a shirye suke. Amma ba mai ɗaga ƙafa sai ya sallame su, shi kuwa ya ce abu na farko da za a tambaya shi ne sana'ar yaro, kuma ba zai tura 'yan'uwansa su yi ƙarya da furfurarsu ba. Na ce a ce ɗan wasa ne. Ya ce ya kalli wasan, bai ga na yi ba. Na ce a ce yana aiki a ƙasar waje. Ya ce ƙasar wajen gaskiya ce, aikin ne ake tababa.

Inna ta kai maganar wajen Liman. Liman ya saurari kowa, ya kalli ɗan guntun wasan, ya ce a iya fahimtarsa hukuncina hukuncin mai gadi ne, wanda albashinsa halas ne ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba. Na ji sanyi a raina. Baba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ka taɓa ganin mai gadin da za shi zauna har ɓarawo ya kwashe rabin kaya, sannan ya taso, a tafa mishi?" Liman ya ce zai duba littafi. Har yau yana dubawa.

Da na ga shekara biyu ta wuce a haka, sai na yi wautar da ta fi kowace a rayuwata. Na je wajen kociya na roƙe shi ya bar ni in fara wasa sau ɗaya. Ya tambayi dalili, na ce aure. Ya dubi mai fassara, mai fassara ya dube ni, suka yi magana mai tsawo a tsakaninsu, sannan ya ce akwai wani wasa a ƙarshen kakar wasanni da ko mun ci ko an ci mu babu abin da zai sauya. Ranar na hau tudu tun daga farko. Jifa goma sha biyar na farko, filin ya ɗauki sowa. Daga nan abin da na sani ya faru. Na buge mutum uku a jere, ɗaya a gindi, na jefa wata ƙwallon ta haye raga ta faɗa wajen ajiye motoci, waɗanda kuma suka tafi daidai aka yi ta aika su teku. Kociya ya bar ni har zagaye na uku, ina jin don ya tabbatar ba zan sake roƙonsa ba. Na fito rigata sharkaf. A tarihin ƙungiyar, in ji mai fassara, ba a taɓa ganin irin wannan ba.

Wannan shi ne wasan da Baba ya fi so a duniya. Ya sa an kunna masa shi ya fi sau goma, yana kiran masu wucewa su shigo su gani. Duk sanda aka nuno ni ina share gumi sai ya ce, "To ka ga aiki." Da na buge na ukun ya ce ai shi ya tsaya kan hanya. Ya kira ƙannensa ya ce su fara shiri. Sai tsautsayi ya sa ya tambaye ni ko haka zan ci gaba, ni kuma na gaji rashin iya ƙarya a wurinsa, na ce an mayar da ni keji, kuma an ce ko da wasa kada in sake tayar da zancen. Ya aika aka ce wa ƙannensa su dakata.

A shekarar ne mahaifin malamar ya aiko. Ya ce ɗiyarsa ta yi haƙuri, shi ma ya yi, akwai wani mai sayen hatsi daga Sabuwa da ya turo sau biyu, kuma in an gama girbi ba a ga manyana ba zai ce mata ta duba wancan. Ita da kanta ta gaya mini a waya cewa ba ta son wancan, amma ba za ta tsufa tana jiran a sama wa benci suna ba. Ban ga laifinta ba. Tare da saƙon kuma tsohon ya haɗo goro. Shi ma tsohon manomi ne, ya san labarin Baba tun suna samari, ya ce yana da gonar dawa a bakin gari, ita kaɗai ya iya nomawa tunda na nesa sun gagara saboda masu bindiga, kuma yana so a yi masa gayyar suruki irin ta da, ya ga barden Faskari da idonsa kafin ya mutu. Baba bai taɓa mayar da goron gayya ba. Ya ce zai je saboda dawa, ba saboda aure ba.

To a takardar kwantiragina akwai jerin abubuwan da aka hana ni yi da hannun dama lokacin hutu, kuma mai fassara ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya: hawan babur, dambe, sara da gatari, ɗaukar kaya mai nauyi. Na gaya wa Baba wannan a mota muna tafe da samarin ƙauyenmu su goma sha biyu. Bai ko juyo ba, ya ce, "To ka zauna. Ai shi ka iya."

Haka aka yi gayyar neman aurena ina zaune a gindin ɗorawa tare da tsofaffi biyu da wata akuya. Dawa ta nuna, zangarniya duk ta sunkuyo, kowa ya kama kuyyarsa da magirbi yana kwantar da kara. Baba, da shekarunsa saba'in da ɗoriya, ya tuɓe riga ya kama ta bakin iyaka. Makaɗin da aka ɗauko ya wasa shi da tsohon kirarinsa, sannan ya hango ni. Daga nan ya samu abin yi. Ya yi waƙar mai tawul, ango mai jiran fura, wanda ubansa ke yi masa noman aure. Samarin Damari suna amshi, har namu na ji muryar wasu. Da mata suka kawo fura ita ma tana cikinsu, ta aje ƙwarya nesa da ni ta juya. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Da safe Baba yana gaban kowa. Sara ɗaya, kara ɗaya. Tsohon Damari ya tsaya a bakin gona yana ta jinjina kai. Amma ni shekara biyar ke nan ba abin da nake yi sai kallon mutum yana aiki ina jiran ya gaji, kuma na san alamun kafin shi mai jikin ya sani. Da rana ta take na ga kafaɗarsa ta dama ta sauka. Na ga ya fara gyara tsayuwa kafin kowane sara. Na ga wani karan ya sha biyu kafin ya faɗi. A kuyyar ƙarshe samari suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, suna sunkuyar da kai in sun zo daidai shi, har duk suka fita, ya rage shi kaɗai a tsakiyar gona da kara wajen arba'in a gabansa.

Dokar gayya kuwa, ba mai shiga kuyyar barde sai in shi ya kira, kuma tun da aka haifi Baba bai taɓa kira ba. Makaɗin ya ƙara wa gangar wuta, a tunaninsa taimako yake. Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a tsaye ina wulwula hannun dama, ina miƙe kafaɗa, ina 'yan tsalle-tsalle yadda nake yi in waya ta yi ƙara a keji. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce ango ya ji ƙanshin tuwo. Ban kula su ba, tsoro nake ji, domin na ga bakin Baba a buɗe kuma ƙirjinsa yana hawa da sauka ba daidai ba.

Ya kai sara, magirbin ya goce. Ya sake kaiwa, karan ya girgiza bai faɗi ba. Ya dogara magirbin a ƙasa ya tsaya. Ganga ta yi shiru. Ya daɗe a haka yana kallon sauran karan, sannan ya juyo a hankali ya dubi gindin ɗorawa. Ya ɗaga hannun hagu ya taɓa dantsensa na dama, sau biyu, daidai yadda ya sha gani a waya.

A duk gonar nan ni kaɗai na san abin da wannan ke nufi. Na jefar da tawul na taho da ɗan gudun nan nawa. Da na iso ya miƙo magirbin, na karɓa, kuma na yi abin da na saba: na kafa idona a kan aikin da ya rage, ban dubi fuskarsa ba. Na ji shi ya wuce ta gefena yana jan ƙafa.

Ban taɓa riƙe magirbi da kyau ba a rayuwata, amma hannu hannu ne. Kara goma sha biyar na farko suka kwanta kafin makaɗin ya gyara rataya. Har an fara guɗa. A na goma sha shida magirbin ya bar hannuna, ya tashi sama yana juyi, ya haye kan samari uku da suka kwanta rub da ciki a ƙasa, ya sauka a tsakiyar fatar gangar. Ba zan ce da gangan na yi ba, amma ban taɓa yin nadama ba. Sauran karan da ƙafa na tattake su, ina kamawa ina karyawa, har na fita ƙarshen kuyya hannuwana duk sun tsage.

Aka zauna shan fura a gindin ɗorawa. Baba ya jingina da itacen, an yayyafa masa ruwa, numfashinsa ya dawo. Makaɗin yana gefe yana duba gangarsa. Tsohon Damari ya gyara zama, kuma maimakon ya jira a turo masa ƙannen uba yadda aka saba, sai ya yi tambayar a gaban kowa.

"Malam, tunda ga mu ga juna, kuma ba na jin akwai wanda za shi gaya min gaskiya irinka. Wanga yaro, mi yaka yi a can?"

Na aje ludayi. Na san tana jin mu daga inda mata suke. Na fara tunanin yadda zan koma mota in bar musu garin.

Sai Baba ya ce, "Zama shikai, Alhaji. Shina zaune shina kallon mutum, har ya ga ƙarhi nai ya ƙare. Sai ya zo ya amshe shi, kuma ba ya kallon hwuska tai." Ya kurɓi fura. "Shekara biyar ina cewa rashin tarbiyya ne. Yau da ya dube ni, da ban iya hitowa gonar ga da ƙahwata ba."

Tsohon ya ce, "To ai wanga sana'a ce."

Baba ya ce, "Ga alama."

Bayan mako biyu ƙannen Baba suka tafi Damari, da kuɗin gaisuwa da sabuwar fatar ganga. An ɗaura aure kafin in koma. Kafaɗata kuwa ba ta sake zama daidai ba tun ranar. Likitan ƙungiya ya yi ta tambayata abin da na yi da ita, na rasa yadda zan sa mai fassara ya fassara masa gayya, na ce faɗuwa na yi. Jifana goma sha biyar ya koma goma, goma ya koma shida, kakar wasa ɗaya na ƙara suka sallame ni da rusunawa da furanni. Yanzu ina sayar da takin zamani a Faskari, matata tana koyarwa a nan, kuma in ta kira ina ɗauka.

Amma tafiyar ƙarshen nan ita nake yawan tunawa. Da asuba ina ɗaure jaka Baba ya fito da ƙuli-ƙulin abokinsa kamar kullum, sai na ga ƙunshi biyu ne. Na ce ko an ƙara wani aboki ne. Ya ce babban na abokinsa ne, kuma wannan karon kada in ba shi haƙuri, in dai gaishe shi in ce tsohon ya san yadda tafiyar nan take daga tudu zuwa benci. Na ce ƙaramin fa.

Ya tura mini shi a hannu yana kallon wani wuri, ya ce, "Naka ne. Ka riƙa ci kana zaune."